Tururuwa a Ƙoƙon Tsahara

Akwai wata mata mai suna Tsahara da ta zauna a wani ɗan ƙauye tsakanin Malbaza da Illela, wajen shekarar 1972. Ranar da na fara jin labarinta ina cin abinci ne, sai da na ture kwanon gefe. Jama'ar wannan shafi, ku karanta a hankali.

Mijinta Kallamu lebura ne a luzin Malbaza, masana'antar siminti. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya musu da kowa, balle da mahaifiyarsa Inna Kyauta. Ita Inna Kyauta ita ce tsohuwar da ake kira duk gidan da aka haihu a ƙauyen. Ita ke yanke cibi, ita ke kula da wankan jego, ita ke gwajin nono.

Ga yadda gwajin yake. Kwana ukun farko ba a sa jinjiri a nonon uwarsa, sai ruwa da nonon akuya. Rana ta uku a tatsi nonon mai jego a ɗan ƙoƙo, a jefa tururuwa ciki. In ta fito da ranta, nono lafiyayye ne. In ta mutu, an ce mugun nono ne, sai a ɗaure wa uwa ƙirji da zane, yaro ya ci gaba da na akuya.

Sau uku Tsahara tana haihuwa, sau uku tururuwa na mutuwa a ƙoƙonta. Ta farin ta yi kwana goma sha tara. Na biyun ya kai wata biyu. Ta ukun ko suna ba ta gani ba. Dukansu gudawa ce ta tafi da su.

Tun daga nan Tsahara ta yanke wa kanta hukunci cewa jikinta guba ne. Ba ta ƙara ɗaukar ɗan kowa ba. In maƙwabciya ta miƙo mata goyo don ta gyara zane, sai ta ja da baya ta ɓoye hannuwa. Mace mai ƙiba da ƙoshin lafiya, amma tana yawo cikin gari kamar mai laifi. Wallahi abin tausayi.

Sai ga haihuwa ta huɗu, namiji. Rana ta uku aka yi gwaji. Tururuwa ta mutu.

Rana ta biyar, wata Lahadi da hantsi, motar kasuwa ta sauke Goggo Talatu, ƙanwar mahaifin Tsahara. Mai awon hatsi ce a kasuwar Birnin Konni, shekara talatin tana riƙe da tiya, kwanon awon nan. Mace ce mai baki, wadda ko jandarma ya taka mata tabarma sai ya ji ba daɗi. Sau uku tana zuwa ƙauyen gaisuwar mutuwa. Wannan karon ta ce ba za ta jira a aiko mata ba.

Ta shiga ɗaki ta tarar da jinjirin kwance, idanu sun faɗa, maɗiga ta loma, kukansa ma da ƙyar ake ji. Tsahara na can ƙarshen gado, nesa da shi. Zanen da aka ɗaure mata ƙirji ya jiƙe sharkaf da nono, tana cije leɓe don zafi.

Goggo Talatu ta ajiye ƙunshinta ta zauna.

"Ɗiyata, mi ad damuwarki? Hwaɗa min da bakinki."

"Goggo, ai kin sani."

"Ban sani ba. Ni baƙuwa ta. Hwaɗi in ji."

Tsahara ta sunkuyar da kai. Shekara shida tana ɗauke da maganar a ciki, ba ta taɓa furta ta ba. Da ƙyar ta ce, "Nonona na kashe ɗiya."

"To, madalla, yanzu mun ji sunan abin. Wa yac ce miki haka?"

"Inna ta gwada. Tururuwa ta mutu."

"Wannan tururuwa ta, Allah shi jiƙanta. Ni ɗiya nika tambaya. Cikin ukun da sunka rasu, wane na yas sha nononki?"

Tsahara ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta duba ta farin a ranta. Ta duba na biyun. Ta duba ta ukun. Bakinta ya kasa rufuwa.

"Babu," ta ce. "Goggo, babu ko ɗaya. Ko ɗigo ba su sha ba."

"To mi sunka sha?"

"Na akuya. Da ruwan rijiya."

Tsahara ta dafe kai. Shekara shida tana kuka a kan ta kashe 'ya'yanta da nono, alhali ba wanda bakinsa ya taɓa kaiwa ƙirjinta. Kuma duk ƙauyen, manya da yara, ba wanda ya taɓa yin wannan tambaya.

Amma abin da ya daɗe a zuciya ba ya fita da tambaya ɗaya. Nan take Tsahara ta nemo masa madogara. "To ai don an hana su na, Goggo. Da sun sha, da ko kwana guda ba su yi ba. Tururuwar hwa?"

"Yawwa, mun zo wurin," in ji Goggo Talatu. "Ni in mutum ya ce hatsina bai cika ba, ba ni zama in yi kuka. Tiyar nika hwara dubawa. An auna ki har sau huɗu. Wa yat taɓa auna abin awon?"

Ta fita tsakar gida ta yi sallama da Inna Kyauta cikin ladabi, ta tambayi gajiya da hidimar jego. Sannan ta ce tana roƙon a sake gwaji a gabanta.

Fuskar tsohuwar ta canza. "Talatu, awon gero daban, wanga aiki daban. Kakannina na gada. Kin zo daga birni ki koya min?"

"Haba Yaya, wane ni. Ke za ki yi da hannunki, ni kallo nawa. Sai dai ƙoƙo ukku nika so, ba guda ba."

Kafin a ce haka mata sun cika gidan. Kallamu, da yake ranar hutu ce, ya tsaya can bakin zaure yana sauraro. Aka kawo ƙoƙo uku. Na farko Tsahara ta tatsa, nan da nan ya cika don nono ya yi mata yawa. Na biyu aka tatso akuyar da jinjirin ke sha, aka cika shi daidai da na farko. Na uku aka roƙi A'ishatu, maƙwabciya mai 'ya'ya shida rayayyu, wadda ke goyo a lokacin. Ta sha wahala kafin ta cika nata, amma Goggo Talatu ta tsaya kai da fata sai ya kai bakin sauran.

Inna Kyauta ta kamo tururuwa uku a gindin rumbu, ta jefa ɗaya a kowane ƙoƙo.

Ta ƙoƙon Tsahara ta yi ta mutsu-mutsu, ta yi shiru. Inna Kyauta ta ɗaga kai ta dubi Talatu.

"Dubi na akuya, Yaya."

Ta duba. Tururuwa ta mutu.

Wata mata ta saki salati. Wannan fa shi ne nonon da ake ɗura wa yaron kwana biyar, shi aka ɗura wa 'yan'uwansa uku. Aka juya ga ƙoƙon A'ishatu mai 'ya'ya shida. Ita ma tururuwar ta mutu, tana yawo a saman nonon, ƙafafu a miƙe.

A'ishatu ta dafe ƙirji. "Ni? Nawa? Ai ni sau shidda tana hitowa!"

"Ranar naki gwaji, ƙoƙon cika shi kai?" in ji Goggo Talatu.

"Ina! Ni nonona ba shi zuwa da wuri. Ɗigo biyat, shidda, shi ke nan."

Goggo Talatu ta ɗauki ƙoƙon Tsahara ta zubar, ta bar ɗan abin da ya jiƙa gindin ƙoƙon kawai. Ta miƙa wa Inna Kyauta. "Sa wata."

Tsohuwar ta jefa. Tururuwa ta taka cikin nonon, ta hau gefen ƙoƙon, ta sauka ƙasa ta kama gabanta, lafiyarta lau.

Ashe ba guba ba ce. Nutsewa tururuwar take yi. Mai ƙarancin nono takan ci gwaji, mai yawan nono ta faɗi. Albarkar da Allah ya yi wa Tsahara ita aka karanta a matsayin cuta.

Kowa na jiran Inna Kyauta ta yi faɗa, ko ta ce an yi mata sihiri. Ba ta yi ba. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ɗankwalinta ya zame.

"Biyat," ta ce. "Nawa biyat na."

Ba wanda ya gane. Ta ɗaga murya tana kallon zaure.

"Kallamu! Ni ma haka anka yi min. Nonona yawa gare shi, tururuwa ba ta taɓa hita ba. Yayyenka biyat na binne, duk a kan nonon akuya. Kai da anka haihe ka, akuyarmu ta mutu, babu wata. Na ce tun da mutuwa za ka yi, gara ka mutu da ƙoshi. Na riƙa ba ka nono a ɓoye bayan rumbu, wata goma sha takwas. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Na ɗauka Allah na yat tsare ka daga gubata."

Kallamu ya shigo tsakar gida bai san ya shigo ba, cikin mata, hula a hannu. Ƙato ne mai ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa. Mata suka dube shi tun daga sama har ƙasa. Shekara talatin da biyar hujja na yawo a gidan, tana cin tuwo, tana gaishe ta safe da yamma, tsohuwar ba ta gan ta ba.

Ni a nan ne tsigar jikina ta tashi. Inna Kyauta ba muguwa ba ce. Abin da aka ɗora mata ta ɗauka, ta sauke a kan matar ɗanta da zuciya ɗaya.

Kuna tsammani shi ke nan, Tsahara ta ruga ta ɗauki ɗanta? Ko kusa. Aka koma ɗaki aka kwance mata zanen, ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya.

"Goggo, na gani da idona. Amma in na ba shi ya mutu hwa? Wancan karon ba ni ba ta. Wanga karon ni ta."

Goggo Talatu ba ta yi mata tsawa ba, ita da ta iya tsawa. Ta ce, "Ban ce ki yarda da komi yau ba. Ban ce wata goma sha takwas ba. Sau guda. Ki ba shi sau guda, mu zamna mu dube shi har azahar. In azahar ta yi, mu sake shawara."

Har yanzu hannun ya ƙi. Sai ga Inna Kyauta ta shigo, ido jawur. Ta durƙusa, ta ɗauki jikanta, ta ɗora shi a cinyar Tsahara. Da hannun nan da ya jefa tururuwa sau huɗu ta tallabi kan yaron ta kai bakinsa.

Da farko bai kama ba, don ƙarfinsa ya ƙare. Aka ɗiga masa a leɓe. Ya lasa. Ya sake lasa. Sannan ya kama, aka ji yana haɗiya.

Tsahara ta rufe ido tana jiran abin da ta saba gani. Azahar ta yi, yaro na barci, numfashi daidai. Ta sake ba shi. La'asar ta yi, ya tsala kukan da ya fi na safe ƙarfi, har Goggo Talatu ta ce wannan bakin danginsu ne. Ran suna aka raɗa masa Mutari.

Shekara ta zagayo, aka shiga farin nan da ya ƙarar da dabbobi, akuyoyin ƙauyen suka mutu kusan duka. Mata biyu suka rasu suka bar jarirai. Da ana nan kan tsohon gwaji, da ba mai ceton su. Inna Kyauta ce ta goyo su ɗaya bayan ɗaya ta kawo gidan. Tsahara ta shayar da su tare da Mutari, duka ukun suka rayu.

An ce wata rana Goggo Talatu ta tambaye ta ko tana jin haushin tsohuwar. Tsahara ta ce a'a, ajali na Allah ne. Ta kalli yaran uku suna rarrafe a tabarma. Sannan ta ce, "Abu guda ka cin raina, Goggo. Tambayar nan da kinka yi min, ni ma ina da bakin yin ta tun ran da ta hwarin tar rasu."

Darasi: Yawancin abin da ke ɗaure mu ba ƙaddara ba ce, magana ce da aka gaya mana muka haɗiye ba mu tauna ba. "Ni ba ni da kan karatu." "Gidanmu ba a arziki." "Hannuna ba ya albarka." In kana ɗauke da irin wannan, fara furta ta da bakinka ka ji yadda take. Ka tambayi wanda ya faɗa, da abin da ya gani da idonsa. Ka auna abin da aka auna ka da shi, don wataƙila shi ne mai matsala. Sannan ka gwada sau ɗaya tak, daga hantsi zuwa azahar, ka ga abin da Allah zai yi. Ka tura wannan labari ga wanda ka san ya yanke wa kansa hukunci, wataƙila tambaya ɗaya yake jira.