Ranar da Manhaja ta Haɗiye Aikin su Barira

To, ku kife wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don yau ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wata jami'a an yi wata ɗaliba mai suna Barira, 'yar ajin ƙarshe. Komai ta ci, ban da darasin Turanci guda ɗaya da ya kayar da ita har sau biyu. Dokar makarantar kuwa ba sani ba sabo: wanda ya faɗi sau uku sai ya tattara komatsansa. Ga shi mahaifinta ya riga ya cika dangi da labarin 'yarsa ta kusa gamawa.

A wannan zangon malamin ya raba su huɗu-huɗu, ya ce kowane rukuni ya yi aikinsa a takarda guda a intanet, kowa ya shiga daga inda yake ya rubuta nasa. Barira ta faɗa cikin mutum uku da ba sa shan inuwa ɗaya. Ummita ta ɗauki intanet uwa da uba. Tasi'u ya ce shi bai yarda da rubutun da ba zai iya ninkewa ya sa a aljihu ba. Mudassir kuwa in'ina gare shi, kullum yana gindin darbejiya yana yi wa wayarsa Turanci tana gyara masa, 'yan aji na ta dariya. Haka suka lallaɓa wata biyu suna bincike kan yadda ɗalibai ke koyon Turanci da waya, har aiki ya kai shafi ashirin.

Ranar miƙawa da safe, Barira ta karanta nata ɓangaren, kunya ta kama ta. Ta ce bari ta ba wata manhajar gyaran Turanci shafinta biyu ta ɗan kakkaɓe musu ƙura. Garin sauri ta haɗa shafi ashirin ɗin gaba ɗaya ta danna. Ita kuwa manhaja ba ta san wasa ba, ta sake rubuta komai da Turancin da ko malamin sai ya buɗe ƙamus. Baiwar Allah nata shafukan kawai ta duba, ta ga sun yi sumul, ta tura.

Bayan kwana uku malam ya kira su ofis. Ya ce, "Wannan ba rubutun ɗan Adam ba ne, na'ura ce ta yi muku. Ku huɗun sifili. Jibi kuma ku bayyana gaban kwamitin ladabtarwa."

Suna fita Barira ta jingina da bango ta faɗi gaskiya, tana cewa, "Wallahi shafi biyu kawai na yi niyya." Ummita ta dafe kai: "Innalillahi! Barira, kin kashe mu!" Mudassir ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Sauran ukun za su iya maimaita darasin, amma ita tata ta ƙare, kuma duk sun san haka.

Ummita ce ta fara hucewa. Tana da jarrabawa washegari, ta ajiye karatun ta zauna gaban kwamfuta tun hantsi har la'asar, tana tonon tarihin takardar, har ta zaƙulo aikinsu yadda yake kafin manhaja ta taɓa shi, da kurakuransa da komai. Sai dai ta ga matsala: rabin farko a dunƙule aka zuba shi rana ɗaya, kuma kwamiti zai iya cewa shi ma na'ura ce.

Nan Tasi'u ya yi gyaran murya. Ashe wancan rabin duk da biro ya fara haɗa shi a wani tsohon littafi, da ranaku, da sunayen waɗanda suka yi hira da su, da inda aka soke aka gyara. Littafin kuwa yana can ƙauyensu. Ya hau mota, ya sauka ya hau babur, ruwa ya yi masa dukan tsiya a hanya, ya dawo da littafin a cikin leda a ƙarƙashin riga, zazzaɓi na kaɗa shi.

Ranar zama, shugaban kwamiti ko kallon takardun bai yi ba. Ya ce kullum haka ɗalibai ke zuwa da hujjar ƙarya, ya jawo takardar hukunci zai sa hannu. Sai Mudassir ya miƙe. Mudassir fa! Ya roƙi minti biyar, ya yi bayani da Turanci dalla-dalla, a hankali, yana numfashi yadda wayarsa ta koya masa, ya ce a buɗe kowane shafi a tambaye su. Barira ta saki baki tana kallonsa. Shugaba ya ajiye biro ya ce a miƙo littafin.

Aka duba, aka yarda, aka ja wa Barira kunne sosai, aka ba su makin aikinsu na asali. Ta ci, da ƙyar, amma ta ci.

Tana cikin hamdala shugaban sashe ya aika a kira ta. Ya ce, "An ba mu gurbi ɗaya na horo a Abuja, wata shida, da alkawarin aiki a bayansa. Rukuninku za mu ba, don mun ga yadda kuka kare aikinku. Ke ba kya ciki, kin san dalili. Amma ke kika ga abin da kowa ya yi, don haka rubuta mini suna ɗaya." Ya tura mata takarda.

Ta ɗauki biro. Da Ummita ba ta tono aikin ba, babu abin da za a ba maki. Da Tasi'u bai kawo littafin ba, da an ce rabinsa ma ƙarya ne. Mudassir kuwa, da ya yi shiru kamar yadda ya saba, da an sa hannu ba a duba ko ɗaya ba. Ga su can su ukun a bakin ƙofa suna jiranta su tafi cin abinci, ba su san abin da ake ciki ba.

To jama'a, biro na hannun Barira. Sunan wa ya kamata ta rubuta?