Yadda Bushiya Ta Samu Ƙaya a Ƙofar Lambunta

Dalilin da ya sa kuke ganin bushiya da ƙaya tun daga ƙeya har gindi, yara, ba faɗa ne da ita ba. Lambu ne ya ja mata, lambu da kuma kunyar maƙwabta.

A da can Bushiya sumul take, bayanta da santsi kamar sabuwar ƙwarya. Ba ta da wata sana'a sai ɗan lambun da ke bayan ɗakinta, kusa da rijiya. Akwai alayyahu da yakuwa da albasa, ga tumatir ta kafa masa sanduna don kada ya kwanta a ƙasa. A gefe ta shuka lalle, ba don ƙunshi ba, don ƙanshin furensa kawai. Kabewa kuma ta bi bango tana fitar da fure ruwan ɗorawa.

To, sai bazara ta shigo. Kun dai san bazara: ciyawa ta ƙone, ƙasa ta tsage, ko inuwa ma zafi take yi. Duk unguwar babu wani kore sai lambun Bushiya, don ita safe da yamma tana kan jan guga. Ta baza ƙaiƙayi a gindin shuke-shuken kada ruwan ya bushe da wuri, ta tsince tsutsa da hannu, ta barbaɗa toka duk inda ta ga ƙwari. Da wannan lambu take sa ran miya, ita da 'ya'yanta, har ruwa ya sauka.

Maƙwabciyarta kuwa Akuya ce, wadda ta girme ta, har take ce mata Yaya. Akuya ba ta taɓa yi mata sata ba, gaisuwa kawai take zuwa yi. Sai dai gaisuwar a tsakiyar lambu take yin ta. Ta tambayi kwana, ta tsinki alayyahu. Ta tambayi yara, ta tsinki yakuwa. Kafin ta kai ga tambayar zafi da gajiya, fangali guda ya tafi.

"Ke dai Allah ya yi miki hannu, ƙanwata," in ji Akuya, baki cike. "Ganye sai ka ce a fadama."

"Na gode, Yaya," Bushiya ta amsa, tana kallon fangalin da aka cinye. Amma ta yaya za ta kori babba, wadda ta tako ƙafa ta zo gaishe ta?

Sai ta kewaye lambun da dangar kara. Akuya ta zo ta yaba aikin, ta jingina tana sosa jiki, danga ta kwanta. Ta shiga ciki ba da haƙuri, tana cikin ba da haƙurin ta gama da furen kabewa. Ranar Bushiya sai da ta yi hawaye. Kwaɗo, wanda ke zaune a danshin bakin rijiya yana taya ta kama ƙwari, ya ce mata ai kara a wurin Akuya ba danga ba ne, abin taɓa baki ne. In tana son tumatirinta ya nuna, ta nemo ƙaya.

Washegari da sassafe Bushiya ta nufi daji da ɗan gatarinta. Ta saro rassan ƙaya ɗanyu, ƙaro yana tsatsowa daga jikinsu, ta ɗaure a baya, ta kawo ta jera, ta koma. Haka ta yi ta kai da kawowa har rana ta take. Danga ta haɗu tsaf, saura 'yar ƙofa kaɗai.

Tana isowa da damin ƙarshe, ba ta kai ga kwance igiya ba, sai ta hango Akuya tafe, wannan karon har da 'ya'yanta, an kawo su su gai da Inna Bushiya. Babu lokacin sauke kaya, babu kuma bakin cewa kada a shiga. Sai kawai ta faɗa cikin ƙofar, ta cusa kai tsakanin ƙafafu, ta dunƙule da damin a bayanta. Ƙofa ta toshe.

Akuya ta kewaye lambu ba ta ga hanya ba. Ta kai hanci wurin wannan dunƙulen ƙaya, ta ji tsini, ta ja da baya tana atishawa.

"Ƙanwar nan tawa ta fita ta rufe ƙofa," ta ce wa 'ya'yanta. "Bari mu jira ta, bai kamata mu koma ba mu gaisa ba."

Suka kwanta a inuwar bango suna tuƙa. Bushiya na jin su. Rana na dukanta, ƙaro na bin bayanta, ƙishirwa ta ishe ta, amma da ta tuna in ta miƙe za a ce ta ɓuya wa baƙi, sai ta ƙara matsewa. Har ta ji Akuya na faɗa wa yara cewa Bushiya mutuniyar kirki ce, sai dai albasarta ta cika yaji. Ko wannan ta haɗiye.

Sai da la'asar ta yi sanyi Akuya ta haƙura ta kaɗa 'ya'yanta gida. Bushiya ta miƙe da kyar, ta kwance igiya. Itatuwan suka zube, ƙayar kuwa ta ce ba inda za ta. Rana ta busar da ƙaron, ya kama fata gam. Ta yi wanka, ta yi birgima a yashi, Kwaɗo ya zo ya ja har ya faɗa cikin guga, ko ɗaya ba ta fita ba.

Ta wayi gari cikin baƙin ciki, tana ban ruwa tana tsaki, sai ga Akuya a ƙofar da har yanzu ba a rufe ba. Bushiya ta taho tarye ta kamar kullum. Akuya ta dubi bayan, ta tuna hancinta, ta ja da baya. Bushiya ta ƙara matsowa, Akuya ta ƙara ja.

"Shigo mana, Yaya."

"A'a, ƙanwata, daga nan ma gaisuwa tana isa."

Nan Bushiya ta ji wata dariya ta taso mata, ta danne. Ta tattaro ciyawar da ta cire da tsofaffin ganyen alayyahu, ta miƙa ta saman danga, Akuya ta karɓa da godiya. Tun daga ranar haka suke gaisawa, zumunci bai lalace ba, lambu ma bai lalace ba. Tumatir ya nuna jajir, lalle ya yi fure har ƙanshi ya cika unguwa, miya ba ta yanke a gidan ba har ruwan farko ya sauka. 'Ya'yan da ta haifa daga baya kuma da ƙayarsu suka zo duniya.

Shi ya sa har yau in kuka matso kusa da bushiya ba ta cizo, ba ta gudu, sai ta dunƙule ta yi shiru ta jira baƙo ya gaji ya tafi. Akuya kuwa, ku duba in kun wuce ta bayan wani lambu, za ku same ta a waje, ta ɗora ƙafafu kan danga, ta miƙa wuya. Gaisuwa ta zo yi.