Rakiyar Malam Gwadabe

Dalilin da ya sa fengwin, tsuntsun nan mai baƙar alkyabba da farar riga, yake zaune a ƙarshen duniya cikin ƙanƙara, ku matso ku sha dariya, yara.

A da, a bakin kogin garinmu yake, sunansa Malam Gwadabe, sarkin kara da alkunya. Wata rana Sanyi ya zo yawon duniya ya sauka a gidansa. Kafin a ce kwabo, kunu ya daskare a ludayi, gero ya ƙi tsiro, jarirai sai atishawa. Mutanen gari suka yi ta roƙon Allah ya kawo ranar tafiyar baƙon nan.

Da ranar ta zo, Gwadabe ya ce bari ya taka masa. To, kun san rakiya: sai baƙo ya ce "Koma haka, na gode" sannan a juya. Sanyi kuwa bai taɓa jin wannan al'ada ba. Suka wuce bayan gari, shiru. Suka ƙetare daji da teku, shiru. Gwadabe ya yi gyaran murya, ya ce ai rana ta yi, ya ce an bar masa tuwo a rufe. Sanyi ya ce lallai matar Gwadabe ta kyauta, ya ƙara sauri. Bawan Allah, kunya ta hana shi juyawa, haƙoransa na kaɗawa, ƙafafu sun sandare, yana tafe yana rangaji.

Haka har gidan Sanyi, inda ko yawu ka tofa kafin ya sauka ya zama tsakuwa. Nan fa Gwadabe ya yi ta maza ya bayyana masa yadda ake rakiya. Daɗi ya kashe Sanyi.

"Kai, al'adarku da kyau take! In ka tashi, ni ma har gida zan raka ka."

 Gwadabe ya tuna da garinsu da 'ya'yan mutane, tausayi ya kama shi.

"Ai ba sauri nake ba," in ji shi, ya nemi wuri ya tsaya.

Shi ya sa har yau yana can, mu kuma muna nan muna shan ɗumi. Kullum yakan ɗan saci jiki zai sulale, da ya waiga sai ya ga Sanyi yana neman takalmansa.