Tururuwa Mai Zare

Akwai wata mata da take da itacen lemo guda ɗaya a bayan ɗakinta. Mahaifiyarta ce ta dasa shi kafin ta rasu, don haka tana ji da shi ƙwarai. Wata shekara sai ganyensa ya soma nannaɗewa, ƙananan ƙwari suna tsotse shi, tururuwa kuma ta rufe rassan, hawa da sauka ba hutu.

Mijinta mutum ne mai saurin yanke hukunci, ba ya kwana da shawara. Ya wasa gatarinsa, ya ce, "Maman Zakka, itacen nan ya zama gidan tururuwa. Ba sauran abin kirki a jikinsa. Yau zan sare shi."

Hankalinta ya tashi. Amma ita ta saba zama a gindin itacen tana tsintar wake, ta kuwa lura da wani abu. A cikin tururuwar akwai waɗansu masu siririn ƙugu, launinsu da tafiyarsu duk na tururuwa, amma in ka matso sai su tsaya cak, su juyo su dube ka da manyan idanu biyu. Tururuwa kuwa ina ta ga lokacin kallon mutum? Abin da suke kaɗawa a gaban kai kamar ƙahonin tururuwa ma ƙafafu ne suka ɗaga. Ta taɓa ganin ɗayansu ya yi tsalle ya cafke ƙwaro.

Ta ce, "Maigida, ba dukansu ne tururuwa ba. Akwai masu yi mana aiki a ciki."

Ya ce, "Nuna mini ko ɗaya, in ajiye gatari."

Ta duba, ta duba. Da ta nuna wannan, sai ya ɓace cikin taro. Da dabara ta ƙare mata, sai ta kama wani reshe ta girgiza da ƙarfi. Tururuwa ta zubo ƙasa kamar gero. Amma ga waɗansu 'yan kaɗan suna lilo a iska, kowanne rataye da zare siriri, wanda sai rana ta haska shi ake gani. Suka bi zarensu suka koma bisa reshen.

Ashe gizo-gizo ne masu tsalle, waɗanda Mahalicci ya ba su kamannin tururuwa domin tsuntsu ya ƙyale su. Mutumin ya daɗe yana kallo, baki buɗe. Ya ce, "Ikon Allah! Tun da akwai masu yaƙi da ƙwarin a ciki, bari mu ba itacen wata damina." Ya jingine gatarin, matar kuwa ta share hawayenta.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Reshen shi ne duniya. Mai bi na gaskiya yana cin kasuwa ɗaya da kowa, yana shan rijiya ɗaya da kowa, ba a gane shi da riga. Zaren kuwa bangaskiya ce, wadda ya ɗaura ga Ubangiji tun ana zaman lafiya. Gizo-gizon bai jira girgiza ta zo kafin ya ɗaura nasa ba. Ciwo zai zo, rashi zai zo, za a girgiza reshen kowa, mai bi ma zai zame. Amma ba zai kai ƙasa ba. Wataƙila kuma saboda irinsa ne aka jingine gatari a gidanku. Kai da kake saurare, in aka girgiza naka reshen yau, da me kake rataye?