Moɗar da Mijinyawa Ya Kaɗe

Ke Zahra'u, wace irin tambaya ce wannan? Wai don me nake sa ku tafasa ruwan sha da damina alhali itace na wuya. Ni da na haifi ubanki za ki tuhuma? Tunda bakinki ba ya zama shiru, ɗauko wayar nan taki ki danna abin da zan faɗa, mutanen shafin naku su ma su ji. Kuma kada ki gyara mini magana.

Akwai wata mata a Kwanyawa, sunanta Lauratu. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Alhaji Mijinyawa, mai rijiyar da duk unguwa ke sha. Ubansa ne ya haƙa ta, kuma ba ya tashi daga majalisa bai tuna wa mutane hakan ba. Lauratu kuwa Baba take ce masa. Ranar da ta haifi 'yarta Kausar mijinta na wurin cirani, shi ya yi wa jaririyar huɗuba.

A zamaninmu ruwan sama da hankali yake zuwa, ya jiƙa ƙasa ya wuce. Yanzu kuwa sai ya ɗauke har gero ya fara murɗe ganye, sannan a wuni ɗaya ya juye na wata guda. Irin wannan aka yi musu, har katangu suka zube.

Bayan ruwan, Lauratu ta ja guga ta ji wani ɗan wari. Ta je har zaure ta durƙusa ta gaya wa Mijinyawa. Ya yi dariya ya ce laka ce kawai, rijiyar ubansa ba ta taɓa cutar da kowa ba, ta sa alif ta tace.

Ta tace. Ta kuwa ga ana shigar da jarkoki gidansa a kan babur daga famfon makaranta, ta tambayi matarsa Asma'u. Aka ce mata na jiƙa maganin Alhaji ne. Ta yarda, don ba a saba tuhumar babba ba.

Ba a jima ba amai da gudawa suka shiga unguwa. Kausar tana cikin na farko. Lauratu ta goya ta suka hau babur za su asibiti a Karaye, suka tarar ruwa ya yanke hanya. Ta naɗe zani ta tsallaka da ƙafa. Kafin ta kai titi ta ji goyon ya yi nauyi, hannun da ke riƙe da wuyan rigarta ya saki.

Washegari ana zaman makoki, Mijinyawa ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa, jikarsa Bahijja na biye da shi. Kun san yaro a ƙauye, kowace randa tasa ce. Yarinyar ta ce tana jin ƙishi. Lauratu, da idonta a kumbure, ta tashi ta ɗebo mata a moɗa.

Moɗar ba ta kai baki ba Mijinyawa ya kai hannu ya kaɗe ta. Ruwa ya watsu a kan tabarma.



Lauratu ta dube shi ta ce, "Baba, me ke cikin ruwan?"

Ya fara kame-kame. Asma'u ce ta fashe da kuka ta faɗi komai. Salgar gidansu ta rufta ranar ruwan, ƙazanta ta bi ƙasa ta gangara rijiya. Ya gani da idonsa. Tsoro ya ji kada duba-gari su rufe rijiyar da ake kira da sunan ubansa, shi ne ya hana iyalinsa faɗa, ya sauya musu ruwa.

Lauratu ba ta yi ihu ba. Ta sunkuya ta ɗauki moɗar ta ce, "Da bakin da ka yi mata huɗuba ka ce mini laka ce."

Matasan unguwa suka cike rijiyar da ƙasa. Mijinyawa yana nan da ransa. Amma har yau in baƙo ya sauka a zaurensa aka kawo ruwa, sai baƙon ya ce ya gode, ya ƙoshi. Ko mai wucewa da rana tsaka gara ya ƙarasa gida na gaba.

Darasi: Damina ta sauya hali, rijiyar da ta shayar da kakanka tana iya kashe ɗanka. Ka tafasa ruwa. In kuma ka ga cuta a abin da jama'a ke sha, ka faɗa da ƙarfi, ko da sunan gidanku zai zube. Ku tura wa 'yan uwanku na ƙauye, a karanta wa irina da ba su yi boko ba.

Kin rubuta? To kashe wayar. Ke, ƙanenki Bahauddeen na gyangyaɗi, ɗaga shi. A rufe tulun nan, kowa ya shige gidan sauro ya kwanta, kada na ƙara jin motsin kowa.