Kibiyoyin Ƙayar Beguwa

An taɓa yin wata Beguwa mai saurin yarda a garin Kwarin Ɗorawa, garin ƙananan dabbobi. Sarkin garin Burgu ne, mai son yabo. Dillalin fada kuwa Hankaka ne, wanda haɗama ta yi wa yawa.

Tun kaka da kakanni garin ba ya ƙera makami. Kibiya da mashi duk wurin biran tsallaken kogi ake saye. Wata shekara diloli suka kawo hari, aka aika wurin birai da gaggawa.

"Bana ba ma sayarwa," in ji birai. "Mun yi sulhu da diloli."

Ranar nan an binne zomaye da kuregu masu yawa. Sarki ya tara jama'a, idanunsa jawur.

"Ba za mu sake roƙon kowa makami ba," in ji shi. "Wa ke da dabara?"

Beguwa ta matso ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga ƙayarmu. Takan zube da kanta, wata ta tsiro. Idan aka ɗaura ta a kan kyauro, ai kibiya ce."

Nan da nan aka kafa rumfar ƙira a gindin ɗorawa. Kuregu na yanko kyauro, Gizo-gizo na ba da zare, Kunama na shafa dafi. Beguwa da danginta kuwa kowace safiya sai su tsinto ƙayar da ta zube musu su kawo. Da diloli suka dawo, ruwan kibau ya kore su har bakin kogi. Beguwa ta yi kukan murna.

Ba a jima ba Hankaka ya sauka kusa da kunnen Sarki.

"Allah ya ja zamaninka, wannan abin alfahari za a ɓoye a rumbu? A kai shi kasuwanni, duniya ta san Burgu ma yana da maƙera! Birai da kansu za su zo kallo."

Maganar ta yi wa Sarki daɗi. Aka shirya bikin nuna kibau, maroƙa suka yi ta kirari, baƙi suka yi ta tafi. Hankaka ya riƙa tashi da dami-dami, yana dawowa da zuma da gyaɗa. Ƙayar da ke zubewa da kanta ta kasa isa, sai aka fara tsigewa.

Beguwa ta je fada, bayanta duk jini.

"Ranka ya daɗe, ba haka muka yi ba. Don tsaron gari na bayar."

"Ji ta!" in ji Hankaka. "Ke kaɗai ce ba kya son garinmu ya yi suna?"

"Wa kake sayar wa? Faɗa mana!"

"Mai saye mai saye ne, Gwaggo. Ni ba na tambayar dangin kowa."

Sarki ya ɗaga hannu. "Yi haƙuri, Beguwa. Damina ɗaya kawai, sai a bar ku ku huta."

Ta yarda. Ita da kanta ta riƙe 'ya'yanta aka tsige su, suna kuka tana rarrashi, tana ce musu don gari ne.

Damina ba ta ƙare ba diloli suka ɓullo daga gabas, kowane da kwari cike da kibau na ƙayar beguwa a kafaɗa. Sarki ya yi ihu a buɗe rumbun makamai. Aka buɗe, babu komai sai ɗaurin kyauro da ba a sa wa kai ba.

"Ina kibiyoyina?" Sarki ya tambaya.

"An sayar, ranka ya daɗe," in ji Hankaka daga kan reshe. "Kai ka ce a sayar."

Ya buɗe fukafukai zai gudu da tulun zuma a ƙafa. Nauyin ya hana shi yin sama, kibiya ta same shi a ƙirji, ya faɗo.

Jama'a suka ruga wurin dangin Beguwa, domin a dā ko ba kibiya, dila ba ya iya kusantarsu. Suka tarar da su tsirara, fata jawur, suna rawar sanyi. Beguwa ta tare ƙofar raminta, ta girgiza jiki kamar yadda ta saba, babu abin da ya miƙe. Diloli suka fashe da dariya, suka ture ta gefe, suka shiga.

Kafin rana ta faɗi garin ya zama kufai. Sarki Burgu aka sa masa igiya a wuya, aka tafi da shi yana ɗauke wa babban dila kwari. Beguwa ta tsira da ɗa ɗaya cikin huɗu. Ta shiga daji da shi, ba ta waiwaya ba. Bayan watanni ƙayarta ta sake tsirowa, baƙa da fari, mai tsini kamar dā, amma babu sauran garin da za ta tsare.

Darasin wannan labari shi ne, yara, yana da kyau ƙasa ta ƙera makaminta don kada ta dogara da wasu. Amma idan shugabanni suka mai da shi abin taƙama da neman riba, suka tatse masu yin sa, suka sayar wa duk wanda ya miƙo hannu, to da hannunsu suka ɗaura wa maƙiyinsu ɗamara.