Gudumar Sanda Ita Kaɗai a Katabu

Akwai wani maƙeri mai suna Sanda a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, wajen shekarar 1976. Adakar ƙarfe yake ƙerawa. In wata ya ƙare, ma'aikatan masaƙun Kakuri har layi suke yi a rumfarsa.

Sai yabo ya hau masa kai. Ya manta Datti maƙwabcinsa ne ke ƙera masa mariƙi da maƙalar kwaɗo, mai fenti kuma yana rumfa ta uku.

Ranar da ya ga Datti ya kwaikwayi zanen murfin adakarsa, ya tattara kayan aiki.

"Na gaji da masu leƙen hannu. Katabu zan koma, mai so na ya biyo ni."

Datti ya ce, "Malam Sanda, hannu ɗaya fa ba ya ɗaukar jinka."

Sanda ko waiwaye bai yi ba.

A Katabu, can bayan gari kan hanyar Zariya, ya samu fili da iska, babu mai leƙensa. Babu kuma mai saye. Motocin Zariya sai dai su wuce. Don mariƙi ɗaya sai ya shiga mota zuwa gari, fenti ma haka. Adakar kwana biyu ta koma ta mako guda.

Amma ba wannan ne ya fi cin ransa ba. Shirun ne. Shekara goma sha huɗu yana bugu cikin amon guduma ɗari, yanzu in ya buga sai tasa kaɗai yake ji. Kewa ta hana shi sakat.

Matarsa Mairo ta ce, "Maigida, ƙarfen nan kake bugu ko tagumi?"

Bayan wata bakwai ya shiga Panteka, wai sayen mariƙi ya zo. Tun daga bakin titi da ya jiyo ƙarar guduma, idonsa ya kawo ruwa. Ya tsaya gaban rumfar Datti, kunya ta hana shi sallama.

Datti bai ko ɗago kai ba.

"Malam Sanda, ka tare mini haske. Ga kututturen aikinka can, ba wanda ya taɓa. Duk wanda ya zo nemanka, cewa muke ka je ganin gida."

Sanda ya zauna ya ɗauki guduma.

Darasi: Sana'a a cikin 'yan'uwanta take girma. Wanda kake gani kishiyar sana'arka, wataƙila shi ne rabin arzikinka. Ku tura wa duk wanda yake ji ya fi ƙarfin jama'arsa.